Gashin Ido na Ƙasa Ba Ya Rufa wa Kowa Asiri

Gashin ido na sama mai rufin asiri ne. Yana da yawa, yakan kai 150 a ido guda, yana da tsawo, ya kuma lanƙwashe ya kalli sama nesa da fata, har wadda ta fara riƙe maskara jiya ma za ta iya shafa masa sau biyu ta fita kunya. Na ƙasa kuwa bai cika wuce 70 zuwa 80 ba, gajeru ne sirara, sun sunkuya sun kusa taɓa fatar da ke cikin mafi taushi a jiki, wadda ba ta rabuwa da maiƙo da gumi. Ga ido yana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, ga hawaye da bai san hanyar sama ba. Abin da wannan ɗan gashi ke nema bai taka kara ya karya ba: a rage baƙin da ke jikin buroshi, a riƙe shi a tsaye, a taɓa gashin da kan buroshin sau ɗaya, a tsaya. Ilimin ke nan gaba ɗayansa, ba ya cika shafi. To me ya sa ake cika ganin ɓarna a ƙarƙashin idanu a kowane gidan biki? A ganina hannu ba shi da laifi. Wurin ya yi ƙanƙanta da yawa, ba shi da inda hali zai ɓuya, shi ya sa mai gaggawa da mai rowa da mai azarɓaɓi kowacce take barin sa hannunta a can.

Abu ɗaya ne ya haɗa su duka, wato buɗe baki. Farfesa da mai tallan gyaɗa, matar gwamna da 'yar aikinta, da zarar buroshi ya doshi gashin ƙasa sai haɓa ta sauka, baki ya wangale kamar ɗan tsuntsu na jiran uwa. Daga nan kuma kowa ta kama hanyarta.

Ta farko ita ce Hajiya Ƙara-kaɗan. Shafar farko ta yi kyau, ita ma ta ga ta yi kyau, kuma daga nan masifar take farawa, domin a lissafinta abin da ya yi kyau sau ɗaya zai ninka kyau sau huɗu. Tana ƙarawa gashin yana manne wa juna, saba'in su koma bakwai, kowanne da dunƙule a kansa, har ido ya zama kamar gizo-gizo ya faɗa tawada ya fito yana neman hanya. Ita ce mai ƙara magi a miyar da ta riga ta yi daɗi, ita ce mai ƙara magana bayan an riga an yi sulhu. Idan aka yi mata magana tana da hujja, kuma hujjar tana da tarihi: a Landan ta shekarun 1960 akwai wata mai tallan tufafi da ake kira Twiggy, wadda ba ta tsaya ga shafawa ba, zana ƙarin gashi take yi a fatar ƙasan idonta, duniya kuma ta kwaikwaye ta. Gaskiya ne. Sai dai Twiggy don kyamara take yi, a garin da rana ke fitowa da izini. Ba a taɓa gwada zanenta a layin gaisuwar amarya a Sakkwato cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, rumfa ta cika, janareta ya mutu.

Kusa da ita akwai mai allura. Ita ta gaji aikin Ƙara-kaɗan ne: da gashin ya cure sai ta zare fil daga mayafinta ta shiga raba shi ɗaya bayan ɗaya, tsinin ƙarfe na yawo a bakin ƙwayar ido, yara na guje-guje a ɗakin. Bahaushe ya daɗe da yi mata karin magana tun ba a ƙera maskara ba, cewa garin neman gira a rasa ido. Ƙanwarta a hali ita ce mai kwalliya cikin adaidaita sahu, wadda ta makara, ta ƙudurta cewa tsakanin gida da wurin aiki za ta kammala fuska. Hoda ta yarda, jan baki ya yi haƙuri, amma gashin ƙasa da ramin titi ba su taɓa shiri ba. Direba ya taka birki, buroshi ya ja layi daga ido zuwa kunci, ta sauka da tsage irin wanda ba na gidansu ba.

Sai wadda ta fi kowa ba ni sha'awa, mai tsimi. Kwalbarta ta ga aure uku da suna biyar, rubutun jikinta ya goge, amma ba za a yar ba, ai da saura. Likitocin ido suna cewa a sauya maskara bayan wata uku da buɗewa, saboda kowane shiga da fita na buroshi yana kwasar ƙwayoyin cuta daga fatar ido ya kai su cikin wuri mai duhu da laima, inda suka fi son zama. Ita wata uku a wurinta ko sabo ba a gama yi ba. Idan ya fara bushewa sai ta dinga soka buroshin tana zarewa da sauri kamar mai daka, ba ta san iska take turawa ciki tana ƙara busar da shi ba. Idan ya bushe ƙamas sai ta ɗiga ruwa. Idan ruwan yana nesa, to, Allah ya hore mata wani a baki. Busasshen maskara kuwa ba ya kama gashi, garin baƙi yake zubarwa, kuma garin ba shi da wurin sauka sai ƙasan ido. Abin dariyar shi ne wannan matar ba talaka ba ce. Sau da yawa ita ce mai leshi na dubban ɗaruruwa. Rowa ba ta tambayar aljihu, tana dai neman ɗan wurin da ba za a gan ta ba, kuma a nan ta yi kuskuren zaɓe.

Kishiyar mai tsimi ita ce mai aro, ko da yake a ƙarshe asibiti ɗaya suke haɗuwa. Ranar kamu, ɗakin ƙawayen amarya ya cika, madubi ɗaya, kwalba ɗaya, sai ka ji "Anti, in kin gama miƙo min," "Yaya, ni na ƙasa kawai zan taɓa." Kafin la'asar buroshi guda ya ziyarci idanu ashirin da huɗu. Idan ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da Afolo, an raba wa kowa kasonta ba tare da gardama ba. Wannan ciwon idon ma sunansa na da labari: a Ghana annobarsa ta ɓulla a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, mutane suka haɗa biyun, sunan ya bi ciwon har ƙasar Hausa. Mai aro ba ta da mugunta, zumunci ne ya yi mata yawa. Irinta ce ke ganin hana abu ya fi hazbiya ciwo.

Daga nan sai mai kuka. A al'adarmu ba a kai amarya da busasshen ido. Uwa ta yi nasiha, gwaggo ta ƙara, ƙawaye su rungume juna. Kowa ta san za a yi kuka, an san ma lokacinsa, amma akwai wadda za ta loda wa gashin ƙasa baƙi da yamma kamar ba ta da labari. Da an fara sai kogi biyu su gangaro, su ratsa hoda, su haɗu a haɓa, mai hoto kuma yana tsaye yana aikinsa. Ƙawarta mai dabara ta sayi irin wanda ruwa ba ya wankewa, ta yi kukanta lafiya, sai aka kira magariba ta shiga wani lissafin, domin malamai sun ce duk abin da ya yi ɓawo ya hana ruwa isa inda aka wajabta wankewa sai an cire shi kafin alwala. Irin wannan maskara kuwa ba ya jin sabulu sai mai. Ga ta nan a bayan gida na mutane tana murza ido da tishu, tana tsige gashin da ta ɓata rabin awa tana yi wa ado.

Akwai kuma ɗalibar waya, wadda ta kalli bidiyo arba'in a YouTube da TikTok, ta koyi cewa ana tare ƙasan ido da cokalin shayi ko katin banki don kada baƙi ya taɓa fata. Dabarar tana aiki. Matsalar ita ce hannu biyu gare ta, aikin kuma na uku ne: cokali, buroshi, waya. Cokulan gidansu duk suna da baƙin baki.

Wani zai ce wannan duk ɓata takarda ne, ƙasa na fama da tsadar abinci ana zancen gashin ido. Amsa ita ce ƙaramin abu ba ya nufin abin banza. A 2015 masu bincike a wata jami'ar fasaha da ke jihar Jojiya ta Amurka sun auna gashin ido na dabbobi masu shayarwa iri 22, suka tarar tsawonsa kusan sulusin faɗin ido ne a dukansu, kuma wannan tsawon ne ya fi kare ido daga ƙura da bushewa. Wanda ya zarce haka iska yake jawowa cikin idon. Ashe akwai ma'auni tun daga halitta, kuma mai zaune a ƙasar hunturu ta fi kowa bukatar saninsa. Kasuwar ma ba ƙarama ba ce. Eugène Rimmel, Bafaranshe mai sayar da turare a Landan a ƙarni na 19, sunansa ya zama sunan maskara kansa a Faransanci da wasu harsuna. Kamfanin Maybelline ya samo asali ne a Shikago a 1915, daga wani saurayi da ya ga 'yar uwarsa Mabel tana gyara gashin idonta da man basilin da baƙin toka. A 1933 kuma wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, abin da ya taimaka aka kafa dokar sa ido kan kayan kwalliya a 1938. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna shi ne ake zubawa a wasu baƙin lalle na zamani. Wurin da ya taɓa sa majalisa ta zauna ya cancanci shafi biyu.

Wata kuma, yawanci dattijuwa, za ta ce duk wahalar nan ta samo asali ne daga barin kwalli. Iyayenmu tandu ɗaya da tsinke ɗaya, a ja a cikin fatar ido, an gama, babu dunƙule babu gizo-gizo. Tana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma sanya kwalli sunna ce da maza ma ke yi ranar Juma'a da Sallah. Amma kwalli ma ya tara nasa mutanen: akwai mai ja har kusa da kunne, akwai kakar da ke cika wa jariri ido tun ran suna wai don ya yi kaifin gani. Kuma dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mutanen da suka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sa bukatar dogon bayani.

Masu kwalliyar kuɗi da yawa suna da tasu fatawar: a bar gashin ƙasa kwata-kwata, domin baƙi a nan yana jan ido ƙasa, yana fito da gajiya da inuwar da ke ƙarƙashinsa. Ga mai zurfin ido ko mai maiƙon fata, shawara ce mai kyau. Amma da ta zama aƙida sai ta haifi nata nau'in, mai wa'azi, wadda ba ta shafawa kuma ba ta barin kowa ta huta, tana bin fuskokin mutane da ido a wurin walima tana cewa "ni dai ban taɓa ba." Ita ma ba ta san tsayawa ba, a baki ne kawai nata ya fito.

Saura ƙorafin da ya fi nauyi, cewa wannan dariya ce ake yi wa mata. To ai jerin bai cika ba sai an sa maigida. Shi ne a mota tun ƙarfe huɗu, yana danna hon, yana aiko yaro. "Baba ya ce wai ki fito." "Ce masa saura ido ɗaya." Kowane hon yana sa hannu ya girgiza, kowace girgiza tana ƙara minti biyar na gogewa, shi kuma ya ƙara dannawa, bai san da hannunsa yake tsawaita zamansa ba. Wannan mutumin shi ne zai tsaya gaban madubin mota yana karya hula, ya cire ya sake karyawa, ya gyara karin zanna bukar sau shida. Idan aka yi sa'a matarsa tana cikin 'yan ƙalilan ɗin nan da suka rage buroshi, suka taɓa sau ɗaya, suka rufe kwalba, za ta fito idonta tas, a buɗe, babu ɗigo ko ɗaya a kunci. Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi agogo, ya ce, "Yanzu duk zaman nan da na yi, ashe ko kwalliyar ma ba ki yi ba?"