Yadda Ake Miƙa Kai Ga Mai Aski A Karɓo Shi Lafiya

Duk mai niyyar aski a jajibirin Sallah, daga Gidan Rumji har Agiye da Gazawa, ya san aron kansa zai bayar, kuma ba kowane hannu ake ba wa aro ba. Kada kiɗan shago ya ja ka, ko hotunan 'yan ƙwallon da aka manna a bango. Yi sallama, ka zauna a benci kamar mai jiran wani, ka zuba wa tebur ido.

Almakashi za ka fara nema. In yana kwance a kan tsumma mai tsabta, alhamdu lillahi. In kuwa ka ga yaron shago yana yanka ledar ruwan sanyi da shi, tashi ka ce ka tuna da wani saƙo. Almakashin aski gashi kaɗai ya sani. Leda da kwali da zare suna dakushe bakinsa, dakusasshe kuwa lanƙwasa gashi yake yi yana tsiga, har hawaye ya zo maka ba ka shirya ba. Ba sai ƙirar Solingen ta Jamus ko Seki ta Japan ba, garuruwan da suka yi suna wajen ƙera wuƙa da almakashi. Ƙirar Sin da ake samu a kasuwar Maraɗi ma tana aiki in ta sami mai kula. Ce wa mai askin, "Maigida, ɗan gwada mana shi." Ya riƙe shi baki sama, ya buɗe shi giciye, ya saki hannu ɗaya. In ya rufe ɓam, kusar tsakiya ta yi sako-sako. In ya tsaya ƙyam, ta yi tsauri, babban yatsan mai aski zai gaji tun bai kai ƙeyarka ba. Mai kyau saukowa yake yi a hankali ya tsaya a hanya. Ɗigon man keken ɗinki a kan kusar nan ya ishe shi. Mai askin da ya yi maka gwajin nan yana murmushi, riƙe shi da kyau, ka kai masa 'ya'yanka.

Za ka ce me ya kawo almakashi ga kilifa tana kuka? Wutar Maraɗi da Damagaram daga Katsina take tasowa, ta sauka a tashar Gazawa, kuma mun ga yadda aka yi da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to na rabin kai da wuta ta ɗauke ya fi shi. Tambayi mai askin ko akwai sola ko kilifa mai caji. Roƙe shi ya riƙa taɓa dama yana taɓa hagu, don ko an tsaya a tsaya daidai. Gwani dai zai ɗauki almakashi da matsefi ya ƙarasa. Duk da haka ka zo da hula.

Maganar reza kuwa babu wasa a ciki. Sabuwa, a ɓare ta a gabanka. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma ƙwarzane kaɗan ya isa. A goge bakin kilifa da buroshi, a zuba masa alkol kafin ya taɓa ka, musamman kan yara, don ta nan makero ke yawo daga kai zuwa kai. Mai askin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

In gurin wanzami ka nufa ranar kasuwa, ga zabira a gefe, ga ƙaho, ga dutsen wasa aska, to ka je da ladabi, ka gaishe shi da "Sarkin aska", don ƙila shi ya yi maka askin suna kana ɗan kwana bakwai. Tafi da askarka ko rezarka. Bari ya jiƙa kan da ruwa da sabulu ya murza sosai, gashin da ya sha ruwa ba ya gardama. Daga nan sai ka zama dutse. Kada ka amsa sallama da kai. Atishawa ta taso, ɗaga yatsa. Ku gama ciniki tun kafin ka durƙusa, don ba a jayayyar dala biyar da mutumin da askarsa ke bayan kunnenka.

Kuma ko'ina ka je, in aka ce, "Wane iri za a yi, Malam?" kada ka ce a yi yadda aka gani. Saisaye kake so, ce saisaye. Ƙwal kwabo kake so, faɗa da ƙarfi, yadda na kan benci za su ji su zama shaida.