Sista ta ce biki za ta, ashe jarrabawar mastas ce

Matso kusa, 'yar uwa. Wannan ba maganar da ake ɗaga murya ba ce.

Kin lura da yadda musayar diyuti ta yi yawa a asibitocinmu kwanan nan? Wannan ta ce ƙanwarta ta haihu a Zariya. Waccan ta ce za ta ta'aziyya Kaduna. Duk Juma'a da Asabar sai wata ta roƙi a riƙe mata. Haba! Wane irin dangi ne waɗannan, ba sa haihuwa ba sa mutuwa sai ƙarshen mako, kuma sai lokacin jarrabawa? Ruwa ba ya tsami banza.

To bari in fasa miki ƙwan. Makaranta suke zuwa. Mastas suke yi.

Za ki ce ai abin yabo ne, mene ne na ɓoyo? Nan gizo ke saƙar. Ba mastas ɗin jinya ba ne. Wata na karatun kasuwanci, MBA ɗin nan, a makarantar Ɗangote ta Jami'ar Bayero. Wata ta yi rajistar lafiyar al'umma a sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu sun laɓe a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, inda yawancin karatun da waya da data ake yi, ba mai ganin shigarki balle fitarki. Har da wani nas namiji da aka kama cikin dare, marasa lafiya sun yi barci, shi kuwa ya duƙufa kan kwamfuta yana koyon tantance alƙaluma. Da aka tambaye shi, sai ya ce rahoton ɗaki yake rubutawa. Rahoton ɗaki da ƙarfe uku na dare, har da zane-zane masu launi? Allah ya kyauta.

Kuma kowa ya sani. Mai tsara jadawali ta sani, tun da ita ake kai wa tsaraba. Abokan diyuti sun sani. Wadda ake ɓoye wa ita ce metiron, domin da ta ji, sai wa'azi. "Kun ci amanar farar riga. Mu da muka shekara talatin a nan, mahaukata ne?"

Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Me ya koro su? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Nas ta shiga aiki da ƙuruciyarta, ta yi ta hawa mataki, allura, ƙarin ruwa, wankin ciwo, kwanan zaune. Ta ɗaga kai ta duba sama, me za ta gani? Kujerar shugaban asibitin koyarwa ta likita ce, haka doka ta tsara, kuma shekara da shekaru ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU na rigima a kan wannan. Albashi ma gida biyu ne, likitoci na kan tsarin CONMESS, nas-nas da sauran ma'aikatan lafiya na kan CONHESS. Ko yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar nas-nas ta NANNM ta shiga a ƙarshen Yulin 2025, cikin buƙatunsu har da a buɗe musu sashe nasu na kansu a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Kin ji ko? Mutanen da ke kwana da marasa lafiya suna roƙon ofis a inda ake yanke hukunci a kansu.

Sai masu wayo suka yi lissafi. Mastas ɗin jinya zai mayar da ke malamar makarantar jinya, ko ya ƙara miki girma a ɗakin da kika saba. Mastas ɗin lafiyar al'umma ko na gudanarwa kuwa yana buɗe wata ƙofa daban: ofis mai sanyi, tsara shirin rigakafi, taron bita a otel, barci a gida kowane dare. Wannan na ƙarshen, wallahi, shi ne asirin da ba sa faɗa a intabiyu. Za su ce "ina son taimakon al'umma gaba ɗaya." Gaskiyar ita ce gwiwa ta gaji, miji na ƙorafi, yara sun fi sanin mai aiki.

Akwai kuma masu hangen jirgi. A 2024, magatakardan hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa na lokacin, Faruk Abubakar, da bakinsa ya ce nas 42,000 suka bar Nijeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. A Fabrairun 2024 hukumar ta fito da sharaɗin sai an yi aikin shekara biyu kafin a tantance wa mutum takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Wasu ba su ko ɗaga kwali ba. Shiru suka yi, suka nemi gurbin mastas a waje a wani fanni, domin bizar ɗalibi ba ta bi ta teburin hukumar. Sai dai ana wata ga wata. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu irin wannan mastas ɗin tafiya da iyali. Gidaje nawa aka yi zaman sulhu a kan wannan? Kar ki tona.

Masu mafarkin ƙungiyoyin agaji ma sun ɗanɗana. Da, in kika samu aiki da su a Maiduguri, dangi sun warke. Da gwamnatin Trump ta datse kuɗin hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, wasu da suka yi sallama da asibiti har da walima sun dawo suna tambaya a hankali ko akwai gurbi.

Ga tarkon da ba a gaya wa ƙanana. A aikin gwamnati, kwalin da kika samo ba da izinin karatu ba, kuma a wajen layinki, ba lallai ya ƙara miki ko sisi ba. Sauya layi sai da gurbi, sai da sa hannun manya. Manyan nan kuwa su ne waɗanda kika ce wa kin tafi biki.

Yauwa, metiron ɗinmu mai wa'azi. Wata ƙaramar nas ta shiga zauren jarrabawa tana neman lambar kujerarta. Wa za ta gani a layin gaba, an ja mayafi har goshi, an sa tabarau? Hajiya da kanta! Kwas ɗin gudanar da ma'aikata take yi, tana shirin abin da za ta kama bayan ritaya. Ido ya haɗu da ido. Ba wadda ta gaisa da wata. Amma tun daga ranar, yarinyar nan ba ta ƙara neman hutun Asabar an hana ta ba.

Ni dai ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Laifin na masu riƙe da tsanin ne, da suka gajarta shi suka kuma tsaya mamakin masu tsallake katanga. Ke kuma, in kina cikin masu zuwa bikin nan, ki nemi takardar izini a rubuce tun kafin ki biya kuɗin zango na biyu. Kuma ba a bakina kika ji ba.