Wasiƙar Jaje Ga Turken Gola Da Aka Jefa Tafkin Michigan

Zuwa ga Baba Turke, tsohon ma'aikacin filin wasa na Dyche, garin Evanston, jihar Illinois, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan sanyin ruwa da sauƙi, mai wannan wasiƙa yana yi wa Baba jaje, ko da an makara, kan wulaƙancin da ɗaliban Jami'ar Northwestern suka yi masa ranar 7 ga Nuwamba, 1981. A ranar ce Michigan State ta lallasa ƙungiyar jami'ar, Wildcats, da maki 61 da 14. Wasa na 29 ke nan a jere ba nasara, abin da ya shafe tarihin 28 da Kansas State da Virginia suke riƙe da shi. Ana tashi ɗalibai suka kwararo cikin fili suna ihun cewa duk ƙasar babu lalatacciyar ƙungiya kamar tasu, suka tumɓuke Baba, suka saɓa shi a kafaɗa har bakin tafki, suka cilla.

A al'adar ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake runguma a ruga da ita, ana kayar da turke ne idan an yi nasarar da ba a zata ba. Baba kuwa an kayar da shi ne don murnar zama na ɗaya a shan kashi.

To me Baba ya yi? Aikinsa tsayuwa ce kawai a ƙarshen fili, hannu biyu a sama kamar gwafa, yana jiran a bugo ƙwallo ta ratsa tsakani: maki ɗaya idan an riga an kai ta gida an ci shida, maki uku idan daga nesa aka bugo. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman ƙarin albashi ba. A kakar 1981 'yan gida maki 82 suka tara a wasa 11, aka zuba musu 505. Iowa ta ci su 64 da nema, Ohio State ta yi musu 70 da 6. Ashe kusan duk wahalar da Baba ya sha a shekarar baƙi ya yi wa, na gida kuwa sai a yi rabin wasa ba su leƙo unguwarsa ba. Wasan farko na kakar ne kaɗai aka sa rai, inda Indiana ta sha da ƙyar, 21 da 20. Daga nan ba a sake jin ƙamshin nasara ba.

Idan laifi ake nema, akwai ofisoshin da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa kafin a zo kan ƙarfe. A wancan lokaci Northwestern ce kaɗai jami'a mai zaman kanta a gasar Big Ten, ita ce mafi ƙarancin ɗalibai, ga tsadar makaranta, ga tsananin sharaɗin shiga. Abokan karawarta irin su Michigan da Ohio State manyan jami'o'in jiha ne masu cika filayen da ke ɗaukar mutum dubu tamanin zuwa ɗari. Jami'ar Chicago, maƙwabciyarta, ta lura tun da wuri wannan kokawa ba tata ba ce, ta ajiye ƙwallon a 1939, ta fice daga gasar a 1946. Hukumar Northwestern ta zaɓi zama a cikin manya, tana karɓar rabonta na kuɗin gasa, amma hannunta bai cika kai wa aljihu ba idan aka zo zancen ƙungiya. Yara ake turawa duk Asabar su karɓi dukan.

Koci Rick Venturi ya yi shekara uku, 1978 zuwa 1980: nasara ɗaya, kunnen doki ɗaya, shan kashi 31. Nasarar tasa ita ce ta kan Wyoming a Satumbar 1979, kuma daga ita aka rufe ƙofa. Aka sallame shi, aka ɗauko Dennis Green, baƙar fata na farko da ya zama babban koci a Big Ten. Shi ya gaji wannan kaya, shi aka ƙirga wa wasa 11 na 1981 babu nasara ko ɗaya.

Wani mai barkwanci ma sai da ya je allon babbar hanya mai lamba 94 ya ƙara rubutu a ƙasa: Northwestern, 0. Har titi ya ci su.

Labarin da wataƙila bai iso ƙarƙashin ruwa ba shi ne, jerin shan kashin ya tsaya a 34. Ranar 25 ga Satumba, 1982, Wildcats suka doke Northern Illinois 31 da 6, Ricky Edwards shi kaɗai ya kai ƙwallo gida sau huɗu. Kada Baba ya ce magajinsa ya huta: shi ma tumɓuke shi aka yi, aka bi da shi hanyar tafki. A Evanston dai turke ba shi da ranar lafiya, ko an ci ko an sha. A kakar nan wasa uku kacal Green ya ci cikin 11, aka ba shi kyautar gwarzon kocin Big Ten, abin da ke nuna zurfin ramin da ya taras.

Columbia ta zo daga baya ta jera 44, Prairie View ta jera 80 tsakanin 1989 da 1998, amma dukansu a rukunin ƙasa suke. A rukunin manya har yau kambun yana hannun mutanen Baba. Sun kuma wanke kansu a 1995, lokacin da Gary Barnett ya kai su ga lashe Big Ten da buga wasan Rose Bowl, ko da yake USC ta ci su 41 da 32.

Shawarar mai wasiƙa ita ce kada Baba ya wahalar da kansa da neman a mayar da shi bakin aiki ko a biya shi fansho. An sauya wa filin suna zuwa Ryan tun 1997, an kuma rushe shi a 2024 don gina sabo, kuma ba a ji an sa sunan Baba cikin kasafin ba.

A gaida magaji, idan ana haɗuwa.