Maƙoshin Motar Kawu

Motar Kawu Toyota Corolla ce da ta gama ƙuruciyarta a Turai kafin ta zo Madawa cin fansho. Ranar kai lefen ƙanena Keita aka damƙa mini makullinta. Kawu a gaba, Gwaggo da akwatuna a baya, buhu biyu na albasa a but, domin ɗan kwarin Tarka ba ya shiga gidan surukai hannu rabbana.

Muna fara hawan duwatsun Adar, kafin mu kai Buza, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Na taka totur har ƙasa, mota ta yi kunnen uwar shegu. Ba ta mutu ba, ba ta kuma tafiyar kirki. Amalanken jaki ya wuce mu, yaron da ke bisa ya gaishe mu cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "lokacin da Turawan Italiya suka kawo aikin Keita a 1984, da kanmu muka ɗauki duwatsu muna jera su don tare ruwa, ana biyanmu da abinci. Wallahi da dutse bisa kai mun fi wagga mota sauri."

Kawu kuwa ya riga ya yanke hukunci: man kwalba ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, in ji shi, ba wanda ya san abin da ƴan ruwa-ruwa ke ɗurawa a kwalaben nan. Ban tuna masa wanda ya yi cinikin man da safe ba. Kawu ne.

Bakaniken da muka samu a Buza bai ko shinshina man ba. Ya kwance robar iska, ya nuna mana wani ƙarfe mai rami da suke kira fafiyon. Shi ne maƙoshin inji: a cikinsa akwai ɗan faifai da ke buɗewa iska ta shiga in an taka totur. A tsofaffin motoci waya ke jan faifan. A irin ta Kawu kuwa ƙafarka roƙo kawai take aikawa, kwamfutar mota ta duba, sannan ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe. In na'urar da ke gaya mata inda faifan yake ta fara kame-kame, sai kwamfuta ta tsorata ta rage ƙarfin inji don kada a yi ɓarna. Wato motar lafiyarta lau, amana ce ta ƙare tsakanin ma'aikatanta.

"To a ƙetare kwamfutar mana," in ji Kawu.

"Alhaji, sai dai a ƙetare motar."

Aka yi waya Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, neman wani fafiyon, aka tura hoto. Wani direban Maraɗi ya taho da kayan, aka buɗe leda, sai ga irin mai waya. Da aka koma kan hoton, babban yatsan yaron gareji ya rufe wurin soket ɗin ruf. Aka sake aike. Muka yada zango gidan wani abokin Kawu, kullum Gwaggo na kwance bakin buhu tana sallamar masu zuwa yi mana jaje. Mutanen Buza akwai zumunci, musamman da labarin albasar ya bazu.

Na gaskiyar ya iso. Ƙusoshi huɗu ne kacal ke riƙe da shi, aikin da bai kai dahuwar shayi ba, sai dai gasket ya yage wajen cirewa. Bakaniken ya tafi masallaci, yaron ya yanko wani daga kwalin sukari ya liƙa. Ana tayar da inji, iska ta sami ɓarauniyar hanya, mota ta kwarma ihu tana tsaye har awakin unguwa suka watse. Kawu ya washe baki ya ce yanzu ta dawo hayyacinta. Bakanike ya dawo, ya kalli kwalin, ya kalli yaron, yaron ya tuna an aike shi gida.

Da aka sa gasket na kirki, sai aka shiga karatu, domin dole kwamfuta ta saba da sabon fafiyon. A cire kan batir, a mayar, a murɗa makulli ba a tayar ba, a jira, sannan a tayar a bar inji shi kaɗai har fanka ta juya. Sharaɗi guda: kada kowa ya taɓa totur. Kawu ya zauna wurin direba yana jin inji na kakkarwa, tausayi ya kama shi, ya ɗan taimaka masa da ƙafa. Aka koma farko. Ya sake taimakawa. Daga ƙarshe Gwaggo aka ɗora a kujerar, ta naɗe ƙafafu da carbinta, ta ce duk mai ƙarfin hali ya matso.

Wajen rufewa bakanike ya buɗe akwatin matatar iska. Wayam.

"Alhaji, ina filta?"

"Na fidda ta tun hunturun bara. Wa ke toshe hanci yana gudu?"

Ashe ƙurar Adar kaf, ta hanya da ta hunturu, kai tsaye take bi ta kan faifan nan. Bakanike bai ce uffan ba, ya ƙara kuɗin filta a lissafi, ya kuma roƙi a bar masa tsohon fafiyon tunda ba shi da sauran amfani. Kawu ya yi masa kyauta cikin izza.

Muka kama hanyar Keita da rabin buhu, ina lallaɓa mota kamar yadda aka gargaɗe ni. Can sai ga wata Corolla ta haya, cike da mutane da tumaki, ta shafe mu a kan hawa ta tulo mana ƙura. Yaron garejin ya leƙo ta taga yana ɗaga mana buroshin haƙori.

"Alhaji! Naku ne ciki! Wanki kawai yake so!"

Kawu ya gyara hula. "Bi shi," ya ce. "Aro na ba su."