Mutanen Mataki na Shida

Idan jarrabawar Sinanci ta HSK mataki na shida ta rage saura mako biyu, ɗakin karatun jami'a a Beijing kan koma kasuwar halaye. Kalmomin Sinanci 5,000 ake so mutum ya riƙe a ka. Maki 300 ne duka, 180 ke fid da mutum kunya.

Akwai Alaramma. Waya a hannu dare da rana, yana jan kalmomi a manhajar Anki kamar mai jan carbi, leɓe na motsi. Ya san yadda ake cewa "hauhawar farashi" da "girgizar ƙasa". Kai shi wurin mai taliya, sai ya nuna hoton kwano da yatsa.

Wanda na fi so shi ne Alhajin Guangzhou. Shekara goma yana sarin kaya a unguwar Xiaobei, yanzu yana neman takardar shaida don aikin tafinta. Karin sauti huɗu da ke sa Turawa gumi bai dame shi ba. Ya ce wanda ya tashi yana bambance kukan jariri da kukar miya ba zai kira uwarsa doki ba, ko da duk biyun "ma" ne. Yana iya taya kaya har mai shago ya riƙe kai. Amma miƙa masa biro! Haruffan kan fito kamar kaza ta yi tono a rairayi, kuma kowane layin da ya manta, sai ya ce ai mai dubawa zai gane nufinsa.

Kusa da shi wata 'yar Japan ce. Ta san haruffan tun daga gida, karatu a wurinta shan ruwa ne. Da an kunna murya sai ta yi zuru. Da za a haɗa ta da Alhaji a jiki guda, da an ga 300 cif.

Sai Likitan Jimla. Akwai sashen da ake jera jimla huɗu a ce a nemo mai ciwo, abin da ko ɗan ƙasa kan yi jim a kansa. Shi dai ya kamu. Yana gyara sanarwar jirgin ƙasa, yana gyara saƙon budurwarsa. Ta daina turowa.

Mai karin magana kuwa, ko gishiri zai roƙa sai ya kawo labarin mutumin da ya zana maciji ya ƙara masa ƙafafu.

Ni ina can ƙurya da littattafai bakwai, shida ba a ɓare ledarsu ba. Abin da ke hana ni barci sashen rubutu ne: a ba ka labari mai haruffa kusan 1,000, ka karanta minti 10 ba tare da taɓa alƙalami ba, a ƙwace, sannan ka taƙaita shi da haruffa 400 cikin minti 35. A gwajin jiya na tuna akwai wani tsoho, akwai kogi. Alhaji ya rantse gada ce.