Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Gahawar Dalgona

Jama'ar Kekun Waje ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, da maƙwabtansu na Gusau da Tsafe, suna sanar da Hajiya cewa labarinta ya iso musu ta wayoyin 'ya'yansu tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, bayan ɗan wasan kwaikwayon nan na Koriya ta Kudu, Jung Il-woo, ya ɗanɗane ta a Makawo ya kamanta ta da dalgona, wato alewar ƙonannen sukari ta ƙasarsu.

An fahimci ƙa'idar haɗa Hajiya sarai: cokali 2 na garin gahawa mai narkewa, irin Nescafé da ta fara shiga kasuwa a 1938, da cokali 2 na sukari da 2 na ruwan zafi, a yi ta bugawa har haɗin ya zama kumfa mai kauri, sannan a ɗora kan madara mai sanyi. Kumfar tana tsayawa ne domin garin da aka busar a masana'anta ba shi da maiƙo sosai, maiƙo kuwa shi ke kashe kumfa, sukari kuma yana kaurara ruwan da ke riƙe da iskar har ta rasa mafita. Shi ya sa niƙaƙƙiyar gahawa ta asali, duk da tsadarta, ba ta iya taka wannan rawa.

Abin da jama'a ba su lamunta ba shi ne yadda masoyan Hajiya ke kukan ciwon hannu, wai sai an yi bugu 400. Matar da ta gama surfe da daka, ta zauna tana burga miyar kuka da maburgi, wato sandan nan mai yatsu da ake murzawa tsakanin tafuka, ba ta taɓa ƙirga nata ba, balle ta ɗauki hotonsa. Mai shayi ma ya daɗe yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, Girkawa kuwa tun 1957 suke girgiza tasu gahawar, saboda haka batun sabunta a bar shi kawai.

Inda gizo ke saƙa shi ne madara mai sanyi. Nonon da Fulani ke kawowa da kindirmo masu tsami ne, ba sa jituwa da ɗaci, ƙanƙara kuma a bazara takan narke kafin ta shigo zaure. Don haka ana roƙon Hajiya ta zaɓi ɗaya: ko ta sauke girman kai ta zauna kan madarar gari da aka dama da ruwan randa, ko ta ɗage ziyararta zuwa hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da ruwa ke yin sanyi kyauta. Kowanne ta zaɓa, ta taho da sukarinta, domin na gidan an riga an ware shi saboda kokon safe.

Haza wassalam.