Lamba ta Nawa Ce a Duniya?

Mu dai a unguwar nan muna da wata al'ada da ba mu gada a wurin kowa ba, mu muka ƙirƙiro abarmu. Da zarar yaro ya gama bautar ƙasa ya ce zai koma ya yi digiri na biyu, to ya zama ɗan kowa. Mai shayi na da ra'ayi, direban Alhaji na da ra'ayi, tela ma da ya ajiye boko tun a aji uku yana da nasa. Ba mai tambayarsa me zai karanta. Tambayar guda ce: ina za ka? Ya ambaci suna, sai ta biyu ta biyo: lamba ta nawa ce a duniya?

Da ba mu san wannan lissafi ba, waya ce ta koya mana. Duk shekara sai wani ya turo jerin gwanayen jami'o'i a zauren WhatsApp na unguwa. Oxford da Harvard da Cambridge suna can sama suna musayar kujera, mu kuma mu yi ta gangarawa da yatsa muna neman tamu. In ABU ta sha gaban BUK, 'yan Zariya ba sa barin kowa ya sha shayi lafiya. In BUK ce ta wuce, Kanawa su ce ai dama. Tsoffin ɗaliban Ɗanfodiyo su ce su ba ruwansu da hayaniya, nasu karatun a natse ake yin sa. Wanda ya yi Ibadan kuwa ya gyara zama ya ce duk ku yara ne, tasu tun 1948 take, ABU sai 1962 ta zo.

Abin dariyar, da wuya ka sami wanda ya san mai awon, balle mudun da ya auna da shi. Masu awon ma ba ɗaya ba ne. Akwai na Shanghai, wanda wata jami'a a ƙasar Sin ta fara a 2003; su suna ƙirga malamai da tsoffin ɗalibai nawa suka ci kyautar Nobel, da takardu nawa aka buga a manyan mujallun kimiyya irin su Nature da Science. Akwai QS da Times Higher Education, da suka faro tare a 2004 kafin kowa ya kama gabansa. Kaso mai tsoka na makinsu daga jin ra'ayin malamai yake fitowa, a tambayi farfesoshi wace jami'a ce ta yi suna, wadda ta riga ta yi suna kuwa ita ake ƙara ambata. Akwai Webometrics na Sifaniya, mai duba yadda jami'a ta yi fice a intanet. Shi ya sa makaranta ɗaya za ta zo ta ɗari uku a nan, ta ɗari takwas a can, kowa ya turo wanda ya yi masa daɗi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa auna ko malamin da za a haɗa ka da shi yana karanta babi in an kai masa.

A karatun mastas da na dakta kuwa, nan gizo ke saƙa. Ku dubi masu digirin digirgir na layinmu. Ka ga ɗayansu da sassafe, kaftani ya sha guga, fayil a hammata, ya je ya zauna a benci a ƙofar ofis. Sakatare ya ce Farfesa ya tafi taro Abuja. Mako na gaba ya tafi duba jarrabawa a wata jami'a. Daga nan umara, daga umara hutun bincike na shekara guda. In babin ya dawo, jan biro ya tsaya a shafi na biyu, an rubuta "a gyara", ba a ce me za a gyara ba. Yaran da aka yi wa suna ranar da ya yi rajista yanzu suna aji biyu a firamare, shi kuma har gobe in ka tambaye shi sai ya ce, "Ai saura ƙiris, kare kundi kawai ya rage." Ga kuma wani da ya shiga ƙaramar jami'ar jiha, wadda ko a ƙasan jerin ba ka ganin sunanta, amma malaminsa shi ke kiransa bayan isha'i: "Malam, ina babi na uku? Ko sai na zo gida na karɓa?" Wannan ya gama ya dawo, har an daina yi masa murna. Kada a ce ciwon na gida ne kawai. A Turai ma akwai babban farfesan da ɗalibai suka yi wa yawa, wanda in ka gan shi sau biyu a zango ka yi sa'a.

Liman ne ya taɓa kashe mana baki a kan wannan. Ya ce, "Ku 'yan boko kun fi kowa mantuwa. Mu a karatun zaure wa ya taɓa tambayar sunan makaranta? Ana cewa ne, a wurin wa ka yi?" Gaskiyarsa. Mai son haddar Alƙur'ani gabas yake nufa, ƙasar Barno. Mai son nahawu da lugga ya nufi Zariya. Almajiri kan ji labarin malamin da ya ƙware a littafi guda, ya ɗauki buzunsa ya bi shi, in ya sauke ya nemi wani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahin Gwandu littafi guda ya rubuta don jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, da abin da ya ɗauka a gun kowanne. Ijaza ma sunan malami take ɗauke da shi, da na malamin malaminsa. Karatun dakta wannan tsarin ne ya sa kwat: kai da tambayarka da malami guda, shekara uku ko biyar.

To ita tambayar taka, ina amsarta take? Wanda ke son ya san abin da ke damun gyaɗa da masara da wake, Samaru ce gidansa, inda aka fitar da irin da manoma ke kira SAMNUT da SAMMAZ da SAMPEA. Mai binciken noma a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci yana da cibiya sukutum a BUK, wadda Bankin Duniya ya sa cikin zaɓaɓɓun cibiyoyin Afirka, ga kuma tashar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, inda aka daɗe ana aikin gero. Mai tarihin Arewa, takardunsa suna Arewa House, tsohon gidan Sardauna a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke garin, da wurin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Sau nawa muka ga yaro ya biya miliyoyi ya tafi Ingila, sai ga shi ya dawo Kaduna da kyamara yana ɗaukar hoton takardun da zai rubuta kundin da su? Haka nan wanda aikinsa ke buƙatar na'urar da babu ita a nan, ko akwai amma ba wuta, ya tattara ya tafi inda take, ko da Maleshiya ce ko Indiya, kada kishin gida ya ci masa shekaru.

Sai maganar aljihu, wadda majalisarmu ta unguwa ba ta son ji, don ba ita za ta biya ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Iyaye nawa suka sayar da fili don zangon farko, zango na biyu ya gagara? Ingila ta hana yawancin masu mastas tafiya da iyali tun daga Janairun 2024. TETFund ma ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Waɗanda yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 sun san akwai abin da ba ya fitowa a jeri. Na gida kuma ba su tsira ba, yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

In mace ce kuwa, lissafin gaba ɗaya sai ya juye. Ba mai tambayar lamba. Gwaggo za ta ce, "'Yar nan, kusa da gida ne? Maigidan ya yarda? Wa zai riƙe miki yaran? Akwai wanda muka sani a garin?" Ashe mun iya tambayar ko wuri ya dace da mutum, mun dai ware ta ne don 'ya'ya mata. Namiji a tura shi inda sanyi zai kusa kashe shi don a ji daɗin faɗa a wurin ɗaurin aure, mace a tsare ta a makarantar bayan gida ko da babu mai koyar da fanninta. Da za a raba tambayoyin nan daidai, kowa ya sami rabinsa, da an huta.

Ba a ce suna banza ba ne, ai suna linzami ne. Mai neman aiki a manyan ƙungiyoyin duniya, ko mai mastas na shekara guda irin na Ingila wanda yawancinsa zaman aji ne, sunan makaranta yana buɗe masa ƙofa, wasu masu ba da tallafin karatu ma sai sun duba jerin kafin su saki kuɗi. Akwai kuma 'yan uwanmu masu fakewa da "inda ya dace da ni", alhali nufinsu inda kawu yake shugaban sashe. Su ma mun gane su.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne gwanayen bincike in aure ya taso. A tura mutum unguwar yaro, a tambayi maƙwabta, a tambayi abokan sana'arsa, har a gano ko yana biyan bashi. Amma mutumin da zai riƙe rayuwar ɗanka shekara huɗu, ba mai tambayar halinsa. Alhali binciken ba wuya. A nemi ɗalibansa biyu ko uku, musamman wanda bai gama ba, a ji ta bakinsu. Mutum nawa suka kammala a hannunsa, cikin shekara nawa? Yaushe ya buga takarda ta ƙarshe a fannin? Saura shekara nawa ya yi ritaya? A rubuta masa wasiƙa a ga ko zai amsa. Wanda bai amsa ba tun yana neman ɗalibi, ka san abin da ke jiranka.

Wanda ya yi wannan ya zaɓa, mu 'yan majalisa za mu yi ƙorafi na mako guda, sannan mu koma kan ƙwallo da siyasa. In Allah Ya sa ya gama, walima dai za mu ci, shinkafar kuma ɗanɗanonta ɗaya ko daga wace jami'a aka dawo. Sai dai ya shirya wa Gwaggo amsa, don tun kafin a kwashe kwanuka za ta jawo shi gefe ta ce, "Dakta, tunda Allah Ya kawo ka, gwiwar nan tawa ta hana ni barci." Ya ce ai shi daktan tarihi ne. Ta ce to ya ba ta tarihin maganin, ita za ta aika a sayo.